Zuma a Kan Ƙulin Inna

Sunana Kande, auta a gidanmu, mace ɗaya bayan jerin maza. Ni ce yarinyar farko a unguwarmu ta Matameye da aka kai lakwal, makarantar boko, a Damagaram, kuma ban taɓa ɓoye wannan ba. Da na dawo da sartifika, takardar shaidar gama karatu, a shekarar 1956, matan unguwa suka ce hancina ya riga ni shigowa gari. Na ce ai hanya ya zo duba mini.

A lakwal ba lissafi na fi so ba, wasan ƙarshen shekara ne. Da yake ajinmu babu maza, duk inda ake neman tsoho mai faɗa ko alƙali mai gyangyaɗi, ni ce. Ni kuma nake nuna wa sauran inda za su tsaya da lokacin da za su buɗe baki. Madam, malamarmu, takan ce da zan ba littafi rabin hankalin da nake ba wasa, da an huta.

Mahaifina ya rasu tun ina goye. Yayyena kuwa da an gama girbi sai su tsallaka Kano cin rani. Ƙulin Inna ke riƙe da gidan. In ka ce Salamatu mai ƙuli, har Tsauni da Dungu an san wadda kake nufi. Ƙulinta yana da ɗan yaji da citta, in ka gatsa sai na kusa da kai ya waiwayo. Ga ta da tsabta har ta yi yawa. Tana share tsakar gida har kaji su rasa abin tsattsaga su koma maƙwabta.

Da rani sai ga wani Bature a kamyo, babbar motar kaya, da akwati mai ƙafa uku. Kullum idonsa ɗaya a rufe yake leƙa akwatin, shi ya sa kafin azahar gari ya raɗa masa Mai Ido Ɗaya. Tafintansa Mahamadu, ɗan garinmu ne, mutum mai son a ji muryarsa. Ya tara mu a ƙofar mai unguwa ya ce Bature zai ɗauki silima a kan tsabtar abinci. Mata biyu ake so, ɗaya mai tsabta, ɗaya ƙazama.

'Yan mata suka yi ca a kan mai tsabta. Aka zaɓi Hadiza, 'yar Indo, wadda uwarta ke sayar da ƙuli kusa da Inna a kasuwa. Da aka zo kan ƙazama, kowa ya shiga duba farcen ƙafarsa.

Na tambayi Baturen da Faransanci, me mai tsabta za ta yi? Ya ce za ta wanke hannu, ta rufe abinci, ta yi murmushi. To ƙazamar fa? Ya ce za ta yi susa, ta yi atishawa a kan abinci, ta kori kaza, barci ya kwashe ta, daga ƙarshe ta riƙe ciki tana birgima.

"Ni ce ƙazamar," na ce.

A gida Inna ta dube ni ta ce, "Ke dai duk inda kowa ya gudu, nan ƙafarki ke ƙaiƙayi."

"Inna, waccan ko turmi aka ɗaura wa zane zai iya. Wasan duka yana wajen ƙazamar."

"Wasa ne dai ko?"

"Wasa ne."

A gidanmu aka ɗauki silimar duka, don Baturen ya zaga unguwa bai ga inda ya kai shi kyau ba. Aka tsayar da Hadiza a gindin zogale, da ƙwaryar Inna da faifan Inna, ta wanke hannu ta yi murmushi. Ni kuma aka kai ni kusurwar turken awaki, aka watsa toka da ɓawon gyaɗa, aka ajiye mini tulin ƙuli a buɗe. Inna ta sa an rufe ƙofar zaure don kada a ga tsakar gidanta a haka.

Sai aka zauna jiran ƙuda. Shiru. Ƙudajen Matameye sun daɗe da sanin babu riba a gidan Salamatu. Mai Ido Ɗaya ya dubi rana, ya buga ƙafa, ya tambaya ko akwai zuma. Inna tana da ɗan goranta da take ajiyewa don maganin tari. Aka dama da ruwa aka shafe ƙulin. Kafin ka ce me, ƙudaje sun iso kamar an yi musu shela.

Na yi susa har da bayan kunne. Na yi atishawar da ta firgita akuya. Da na zo birgima, Baturen ya yi dariya har akwatin ya girgiza, sai da aka sake. Da zai tafi ya ce irina ya kamata a gani a Dakar. Na ce na sani.

Dab da faɗuwar damina kamyon ya dawo, babu Baturen, sai direba da Mahamadu. Bayan magariba aka rataya farin ƙyalle a filin kasuwa, gari ya taru kaf. Silimar ba ta da murya, Mahamadu ne ke bayani a lasifika. Da Hadiza ta fito ya ce, "Ga mace ta gari." Da na fito kuwa sai daɗi ya kwashe shi.

"Jama'a, kun gane ta? Kande ce, 'yar Salamatu mai ƙuli! Ga gidansu nan, ga akuyarsu. Ku dubi ƙuda, jama'a, ku dubi ƙuda!"

Ashe Baturen ya matso da akwatinsa dab da ƙulin. Ƙuda ɗaya ya cika ƙyallen, yana murza hannuwa. Mutanen da ba su taɓa ganin silima ba suka ja da baya. Wata tsohuwa ta yi salati ta ce ƙudan gidan Salamatu ya kai kaza. Da na fara birgima fili ya kece da dariya, ni kuwa ina zaune ina jin kaina kamar sarauniya. Na juya in ga ko Inna na dariya. Ta ja mayafi ta rufe baki, idonta a ƙasa.

Ranar kasuwa ta zo, muka kasa ƙuli tun hantsi. La'asar ta yi ba a taɓa ko ɗaya ba. Masu saye sukan zo har gabanmu, su tuna, su zarce wajen Indo.

Na tare Malam Gambo, tsohon da ya shekara da shekaru yana sayen ƙulin Inna. Na ce, "Baba, wasa ne fa. Zuma aka shafa."

Ya ce, "'Yata, da mutum ne ya faɗa mini, sai in ce hassada ce. To akwatin nan ba shi da baki. Da me zai yi ƙarya?"

Na je wajen Mahamadu. Ya ce, "Haba Kande, ai tallarki na yi. Yanzu har Tsauni da Dungu an san ki, can ma mun nuna." Na je wajen Hadiza, ta ce uwarta ta hana ta tsoma baki. Na juya kan Indo da kanta.

"Gwaggo, kin san gidanmu. Kin sha cin tuwo a ciki."

"Ni dai abin da idona ya gani," ta ce, tana gyara farin ƙyallen da ta fara rufe ƙulinta da shi. "Ku 'yan lakwal ai kun fi mu sanin komai. Ki karanta wa ƙudajen takarda su tafi."

Yara suka sa mini Uwar Ƙuda. In na wuce sai su bi ni suna zuuu. Nakan tsaya in ce, "Na'am, wa ke kira?" Inna ta ce mu daina zuwa kasuwa har a manta. Na ce in muka ɓuya mun amsa laifi ke nan. Duk ranar kasuwa sai in ɗaura kallabina mafi kyau, in ɗauki tiren a ka, in ratsa ta tsakiyar gari, in zauna a wurin Inna kusa da Indo. Nakan ɗauki ƙuli in gatsa da ƙarfi yadda layin duka zai ji. Da yamma in sake ɗaukar tiren in koma da shi yadda na zo.

Daminar nan mun ci ƙuli. Mun ci a kwaɗon zogale, mun ci a kwaɗon rama, mun daka mun barbaɗa a kan duk abin da ya shiga tukunya. Har akuya ta kai in ta ga na nufo ta da shi sai ta juya baya. Yayyena da suka dawo noma suka ce za su je su karya wa Mahamadu lasifika a ka. Na ce ko sun karya, ƙudan nan mai girman kaza yana nan zaune a kan mutane.

Inna ba ta taɓa ce mini ke kika ja ba. Da ta faɗa, da na sami abin mayarwa. Sai dai gyaɗar da take soyawa ta yi ta raguwa, daga kwando ta koma ƙwarya. Wata safiya bayan an fara yankan gero na fito na tarar ta wanke kaskon suyarta, ta kife shi a kan rumbu. Kaskon nan ya girme ni. Ban taɓa ganin bayansa ba sai ran nan.

"Inna, me ya kai shi can?"

"Ya gaji," ta ce. "In 'yan'uwanki sun tafi Kano sa riƙa aiko mana."

Ranar ban ci komai ba, ko ƙuli.

A garinmu in an gama girbi samari sukan yi wasan kara. Da karan gero suke ƙera komai, mota da bindiga da tabarau da agogo, su fito fili suna kwaikwayon manya, daga kumandan, Baturen mulki, har alƙali. Wasan yana da doka ɗaya. Duk wanda dogaran wasa suka nuna a cikin 'yan kallo dole ya shigo fili, kuma ba a fushi, ba a kai ƙara. Mata nasu tafi da guɗa ne.

Na sami Shekara, sarkin samari, a bayan gari suna feƙe kara.

"Ranka ya daɗe, bana ni zan shirya muku wasa."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Uwar Ƙuda, mace ba ta shirya wasan kara."

"Wa ke yi muku Bature?"

Ya nuna Ummaru. Na ce ya yi in gani. Ummaru ya turo ciki ya ce, "Walawala bonjur walawala." Samari suka yi dariya. Na ce wannan ba Bature ba ne, ɗan akuya ne ya sha giya. Na karɓi ƙwarya na kifa a ka a matsayin hular Bature, na rufe ido ɗaya, na soma tafiya da baya ina ɗaga hannu, ina zazzaga Faransanci na gaske, ina duban rana ina buga ƙafa. Ban kai ƙarshe ba Ummaru ya faɗi ƙasa yana riƙe da ciki.

Shekara ya share hawaye ya ce, "Mai Ido Ɗaya! Wallahi shi ne." Sannan ya ce, "Dattawa za su yi magana."

"Sun riga sun yi. Me ya rage su ce?"

Muka shiga shiri a gonar da aka girbe. Na sa aka ƙera akwati mai ƙafa uku, da ɗan ƙoƙo a gaba a matsayin ido. Shekara na ba shi tafinta, da ƙahon sa a matsayin lasifika. Samarin nan ba su saba a ce musu a sake ba. Kowa ya saba ya shigo fili ya yi abin da ya zo masa. Ni kuwa nakan ce, "Ka yi sauri, jira a gama dariya tukun." Ko in ce, "Kada ka ba mutane baya." Ummaru ya ce gara noman gyaɗa da aiki a ƙarƙashina. Amma kullum shi ke riga kowa zuwa.

Ranar wasa, da la'asar, filin kasuwa ya cika. Masu sayar da abinci sun kewaye shi da tirensu. Na fito da wandon yayana da ƙwarya a ka, an shafe ta da farar ƙasa. Na ji wata ta ce, "La ilaha, 'yar Salamatu ce da wando!" Na rufe ido ɗaya na daka tsawa da Faransanci cewa a yi shiru.

Shekara ya sa ƙaho a baki. "Bature ya ce duk wanda ya yi tari zai biya harajin lanho biyu!"

Na zaga fili da baya ina leƙa akwati, na yi karo da dogari, na zage shi. Sannan na tsaya cak na miƙa yatsa. Indo na nuna, tana zaune da tirenta a rufe da farin ƙyalle.

"Ni? Ku rufa mini asiri, ni ba yarinya ba ce."

"Doka ce, Gwaggo," in ji dogarai. Suka kawo ta tsakiyar fili da tirenta.

Aka watsa toka da ɓawon gyaɗa a gabanta, aka yaye ƙyallen. Muka tsaya jiran ƙuda. Shiru, don gaskiya Indo ma ba ƙazama ba ce. Na dubi rana, na buga ƙafa, na yi ihu. Ummaru ya sheƙo da goran zumar Inna, wanda na ɗauko da safe ba tare da na tambaya ba. A gaban kowa na dama da ruwa na shafe ƙulin Indo. Ƙudajen kasuwa ba su ɓata lokaci ba.

"Jama'a, kun gane ta?" in ji Shekara, da muryar Mahamadu sak. "Indo ce, uwar Hadiza! Ku dubi ƙuda, jama'a, ku dubi ƙuda!"

Indo ta miƙe tana kaɗa zane. "Ƙarya ne! Zuma ce! Zuma ta shafa, kowa ya gani!"

Na leƙo daga bayan akwati na ce da Hausa, "Gwaggo, akwatin nan ba shi da baki. Da me zai yi ƙarya?"

Fili ya ɗauka. Na hango Malam Gambo yana dariya yana girgiza kai. A nan na shirya wasan zai ƙare. Sai na ji yara a gefe sun fara, "Indo Uwar Ƙuda, zuuu!" Na dubi Indo. Ta ja mayafi ta rufe baki, idonta a ƙasa. Ashe sunan ba mutuwa zai yi ba, gida kawai zai sake. Na girgiza goran, na ji da sauran zuma.

Na rufe ido na sake miƙa yatsa. Mai fura. Shekara ya dube ni, don ba mu shirya haka ba, amma ya ɗaga ƙahonsa. Aka shafa wa ƙwaryar fura zuma a baki, aka yi mata shela. Sai mai ƙosai. Sai mai dakuwa, wadda ta ce ita a bar ta ta shafa da kanta kada a yi mata ɓarna. Da aka zo kan mai tsire, Shekara ya leƙa ya ce, "Bature ya ce wannan a adana zuma, ya zo da nasa." Mai tsire ya bi shi da tsinke.

Na nuna Malam Gambo, aka ɗiga masa a hula. Ya zauna ƙudaje na kewaya kansa, ya ce, "To, yau ni ma na shiga silima." Daga ƙarshe na nuna Mahamadu, wanda ke ƙoƙarin sulalewa ta bayan masu goro. Dogarai suka kamo shi, na juye masa sauran a kan takalmansa masu sheƙi. Shekara ya miƙa masa ƙahon ya ce ya yi wa kansa bayani, tunda ya fi kowa iyawa.

Ana cikin haka Hadiza ta miƙe, ba wanda ya nuna ta. "Haka aka yi a gidansu," ta ce. "Ina wurin. Ƙwaryar da na riƙe ma ta Inna Salamatu ce." Indo ta harare ta, sannan ta ce, "To da wa ya hana ki faɗa?" Hadiza ta dube ta, ta koma ta zauna.

Yara suka rasa wa za su bi da zuuu, sai suka bi Mahamadu.

Ban san Inna ta zo ba sai da ana watsewa na hango ta a can baya, kusa da masu tukwane. Washegari ƙamshin suya ne ya tashe ni. Kaskon ya sauko daga rumbu.

Ranar kasuwa Malam Gambo ne ya fara tsayawa. Ya gatsa, ya lumshe ido, ya ce daminar bana haƙoransa sun yi kewa. Indo ta zo tana gunaguni cewa na ɓata mata tire guda, Inna ta ɗebo daga nata ta zuba mata. Kafin azahar tirenmu ya yi rabi.

Sai ga matan Tsauni sun shigo layi da kwandunansu, waɗanda da can ba sa wuce Inna. Da suka hango ni, ta gaba ta taɓa ta bayanta, suka ja mayafi suka toshe hanci, suka wuce. Su silima suka gani, ba su ga wasa ba. Na tuna Mahamadu ya ce har Dungu sun nuna.

Inna ta bi su da kallo, sannan ta dube ni.

Na tashi na karkaɗe zane, na tafi neman Shekara. Na ce kada a ƙona akwatin nan, a nemo jaki a ɗaura masa, duk garin da kamyon ya tsaya mu ma za mu tsaya. Ya ce shi sarkin samarin Matameye ne, ba na duniya ba. Ummaru ya ce jakin babansa yana nan.

Ranar da za mu tashi, Inna ta cika mana ƙwarya da ƙuli, ta rufe da faifai, ta ce in an gama wasa a sayar. Na kifa ƙwaryar Bature a ka, na juya zan fita.

"Kande."

"Na'am, Inna."

"Wannan karon ki nemi zumarki. Tawa ta tari ce."